Darasi Na Goma Sha Huɗu: Japan, Ƙasar Da Tsofaffinta Suka Fi Yaranta Yawa

Tsufan mutum ɗaya ba ya bukatar malami ya bayyana shi, gama kowa ya ga furfura a kan kakansa, ya kuma ga yadda ƙarfi ke janyewa daga gaɓoɓi sannu a hankali, har wanda dā yake sungumar dami shi kaɗai ya koma jiran mai miƙo masa buta. Amma akwai wani tsufan kuma wanda ba a ganinsa a fuskar kowa, sai a littattafan ƙidaya, shi ne tsufan al'umma ɗungurungum, watau lokacin da adadin dattawa ke ta hauhawa cikin jama'a alhali na yara da samari yana ta komawa baya, har ya zama da za a tara mutanen ƙasa duka a fili guda, da masu dogara sanda sun rinjayi waɗanda ke goye. Masana ƙidayar jama'a sun yi wa wannan al'amari ma'auni. Sukan ɗauki waɗanda suka kai shekara 65 zuwa sama a matsayin tsofaffi, idan suka kai kashi 7 cikin 100 na mutanen ƙasa sai a ce ƙasar ta kama hanyar tsufa, idan suka kai kashi 14 a ce ta tsufa, idan kuwa suka haura kashi 21 a ce tsufan ya kai matuƙa. A cikin manyan ƙasashen duniya babu wadda ta kai Japan nisa a wannan tafarki, saboda haka da ita za mu kafa misali a wannan darasi, mu ga musabbabin abin, da abin da ya haifar, da kuma dabarun da mutanenta suka yi, waɗanda suka ci da waɗanda suka ƙi ci.

A shekarar 1950 tsofaffi a Japan ba su fi kashi 5 cikin 100 ba. A 1970 suka kai kashi 7, a 1994 suka kai kashi 14, watau cikin shekara 24 kacal ta yi tafiyar da ta ɗauki Faransa fiye da shekara 100. A 1997 tsofaffi suka zarce yara 'yan ƙasa da shekara 15 yawa, kuma zuwa 2023 sun kai kimanin kashi 29, mutum miliyan 36 ke nan, har ya zama cikin kowane mutum goma akwai ɗaya da ya ba shekara 80 baya. Yawan jama'ar ƙasar baki ɗaya ya tsaya a wajen miliyan 128 daf da shekarar 2010, daga nan ya shiga raguwa, gama a 2023 an yi jana'iza fiye da miliyan ɗaya da rabi, jariran da aka haifa kuwa ba su kai 730,000 ba.

Daga Ina Abin Ya Faro?

Sababi na farko ni'ima ce tsantsa, ba wanda zai kira ta musiba. A 1947, lokacin da ƙasar ke fita daga kangon Yaƙin Duniya na Biyu, tsawon ran da ake sa wa jariri namiji rai da shi shekara 50 ne, mace kuwa kimanin 54. Kada mai karatu ya fahimci cewa a wancan zamani ba a kai shekara 70 ko 80; ana kaiwa sarai, sai dai lissafin na tsaka-tsaki ne, kuma yawan mace-macen jarirai da na samari shi ke ja da shi ƙasa, domin a lokacin cikin kowane jariri 1,000 fiye da 70 ba sa cika shekara, tarin fuka kuma shi ne kan gaba wajen kashe mutane. Da aka sami tsabtataccen ruwa, da rigakafi, da magungunan zamani, da wadatar abinci, aka kuma shigar da kowane ɗan ƙasa cikin inshorar lafiya a 1961, sai mutuwar jarirai ta faɗo har ƙasa da 2 cikin 1,000, tsawon rai kuma ya kai wajen shekara 81 ga maza, 87 ga mata. A 1963, da hukuma ta fara ƙirga waɗanda suka cika shekara 100, mutum 153 aka samu a duk faɗin ƙasar. A yanzu sun haura 90,000. Dā al'ada ce hukuma ta aika wa duk wanda ya cika shekara ɗari da ƙoƙon azurfa don girmamawa, amma da masu karɓa suka yi yawa kuɗin ya yi nauyi, sai a 2016 aka koma ba da wanda aka shafa wa ruwan azurfa kawai.

Sai dai tsawon rai shi kaɗai ba ya tsufar da ƙasa matuƙar ana haihuwa da yawa, gama komai yawan kakanni, idan jikoki sun ninka su, al'umma tana nan da ƙuruciyarta. Babban musabbabi shi ne ƙarancin haihuwa, kuma a nan ne ya kamata mu tsaya mu duba da kyau. Bayan an gama yaƙi sojoji sun komo gida, an yi wasu shekaru uku, 1947 zuwa 1949, da aka yi haihuwa ba kama hannun yaro, har a 1949 kaɗai aka haifi yara kusan miliyan 2.7, kuma a lissafi kowace mace tana haihuwar fiye da huɗu. Cikin shekara goma adadin ya sauko zuwa biyu. Tun daga 1974 bai sake kai 2.1 ba, wanda shi ne gwargwadon da ake bukata don 'ya'ya su maye gurbin iyayensu, a 2023 kuwa ya tsaya a 1.2. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Mutane sun bar gonakin shinkafa, inda kowane ɗa ƙarin hannu ne, sun koma birane da masana'antu, inda kowane ɗa ƙarin baki ne da kuɗin makaranta na shekara goma sha. Gidajen haya a Tokyo da Osaka ƙanana ne masu tsada. Magidanci kan fita aiki da sassafe ya komo bayan yara sun yi barci, ta yadda renon duk ya faɗa kan matar, wadda ita ma ta yi karatu mai zurfi, ta kuma san cewa idan ta bar aikinta don goyo da wuya ta koma matsayinta. Saboda haka aure ya yi ta jinkiri har ya kai wajen shekara 30, kuma tun da yake haihuwa ba aure abu ne mai ƙaranci ƙwarai a can, jinkirin aure ya zama jinkirin haihuwa kai tsaye. Ƙidayar 2020 ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na maza 'yan shekara 50 ba su taɓa aure ba.

Akwai wani abin al'ajabi da ya auku a tsakiyar wannan tarihi wanda ya cancanci a ambata, ko don a san cewa camfi ba a ƙasa ɗaya ya yada zango ba. A tsohuwar kalandarsu akwai wata shekara da ke zagayowa sau ɗaya cikin shekara 60, wadda suka camfa cewa 'yar da aka haifa a cikinta za ta zama mai zafin hali, ta jawo wa mijinta ajali. Da ta faɗo a 1966, sai ma'aurata da yawa suka ƙi haihuwa, adadin jarirai ya ragu da kusan rubu'i a shekara guda, sa'an nan ya komo a shekarar da ta biyo. Lissafin wannan shekara ta camfi 1.58 ne, aka kuma ɗauke shi ƙasan da ba za a sake taɓawa ba. To, da aka fitar da lissafin 1989 aka ga 1.57, ba camfi ba annoba, sai hankalin hukuma da na jaridu ya tashi, kuma daga ranar ne aka fara ɗaukar maganar da muhimmanci, alhali an riga an makara da shekara goma sha biyar.

Wa Zai Biya?

Don a gane nauyin da wannan ke ɗora wa tattalin arziki, dole a san yadda fansho na hukuma ke gudana, gama da yawa suna zaton kuɗin da aka cire wa ma'aikaci ana ajiye masa ne a wani asusu har ranar da ya yi ritaya. A galibin ƙasashen da suka daɗe da wannan tsari ba haka abin yake ba. Ya fi kama da adashi, wanda zubin masu aiki na wannan wata shi ake kwasa a ba tsofaffin wannan wata, su kuma masu zubin su jira nasu kwasan daga hannun 'yan baya. Adashi kuwa yana tafiya lafiya ne muddin masu zubi sun fi masu kwasa yawa. Lokacin da Bismarck ya kafa fanshon tsufa a Jamus a 1889, sai mutum ya kai shekara 70 yake karɓa, waɗanda ke kaiwa kuwa kaɗan ne, kuma ba sa daɗewa suna karɓa. Japan ta game dukan jama'arta da fansho a 1961, a zamanin da kowane tsoho ɗaya yana da mutum tara ko fiye masu shekarun aiki a bayansa. A yau kimanin biyu ne, kuma tsohon da dā zai karɓa shekara goma yanzu yana iya karɓa shekara ashirin da biyar.

Hukuma ba ta da hanyoyi da yawa a gabanta, kuma duk ta bi su. Ta ɗaga shekarun fara karɓar fansho daga 60 zuwa 65 mataki-mataki, ta ƙara yawan zubi, ta kuma sa ƙa'ida a 2004 wadda ke rage saurin ƙaruwar abin da ake biya gwargwadon raguwar masu zubi. Ta ɗora harajin saye da sayarwa, wanda ya fara da kashi 3 a 1989, ya zama 5 a 1997, ya zama 8 a 2014, ya kai 10 a 2019. Duk da haka kusan sulusin kasafin kuɗin gwamnatin tsakiya yana tafiya ne wajen fansho da magani da kula da gajiyayyu, abin da ya gaza kuma a cike shi da rance, har bashin da ke kan hukuma ya ninka abin da ƙasar ke samarwa a shekara fiye da sau biyu. Wani abin da ke ƙara ɗaure al'amarin shi ne siyasa, domin tsofaffi sun fi samari yawa, sun kuma fi su fitowa ranar zaɓe, ɗan siyasa kuwa ya san inda ƙuri'arsa take. Ba Japan kaɗai ba. A 2023, da gwamnatin Faransa ta ɗaga shekarun ritaya daga 62 zuwa 64, sai da aka yi watanni ana zanga-zanga da yajin aiki.

Ban da kuɗi akwai ƙarancin hannu. Matsakaicin shekarun manomin Japan ya kusa 70, kuma cikin kowane tsoho huɗu akwai ɗaya da ke aiki har yanzu, wani yana tuƙa tasi, wani yana gadi, wani yana nuna wa motoci hanya a inda ake gyaran titi. Tun 2021 doka ta umarci kamfanoni su yi ƙoƙarin ba ma'aikaci damar ci gaba har shekara 70. A ganina aikin dattijo ba aibi ba ne, hasali ma zaman banza ya fi saurin karya tsoho bisa ga aiki, kuma wanda ya ƙware a sana'a shekara arba'in hasara ce a sallame shi rana ɗaya don kawai kalanda ta ce. Abin dubawa shi ne ko yana yi don so ne ko don tilas, gama akwai tsofaffi da yawa, musamman matan da mazansu suka rasu, waɗanda fanshonsu bai isa haya da abinci ba, har ana samun masu sace ɗan abin da bai taka kara ya karya ba a kanti suna komawa kurkuku sau da sau, inda aƙalla akwai abinci da likita da abokin hira.

Wa Zai Yi Jinya?

Wannan ita ce mas'ala mafi wuya, kuma ita ce ta fi kusa da zuciyar kowane mai iyaye. Kada a yi zaton Japanawa mutane ne marasa girmama manya. Biyayya ga iyaye tana cikin ginshiƙan tarbiyyarsu tun zamanin da koyarwar Konfushiyas ta iso musu daga ƙasar Sin, kuma tun 1966 suna da ranar hutu ta ƙasa musamman don girmama tsofaffi, wadda yanzu ake yi ran Litinin ta uku a watan Satumba. Bisa al'adarsu babban ɗa shi ke gadon gida, iyaye su zauna tare da shi, matarsa kuma ita ke jinyarsu har rai ya yi halinsa. A 1980 kusan kashi 70 cikin 100 na tsofaffi suna zaune ne tare da 'ya'yansu. A yanzu ba su kai kashi 40 ba. Ba zukata ne suka ƙeƙashe ba, lissafi ne ya canza. Jinyar da dā ke ɗaukar watanni, yanzu da ikon Allah da ƙoƙarin likitoci tana iya kai shekara goma. Ɗawainiyar da dā 'ya'ya biyar ke rabawa yanzu tana kan ɗa ɗaya ko biyu, waɗanda ke aiki a birni mai nisan ɗaruruwan kilomita. Mai jinyar kuma ita kanta ta tsufa, har ya zama a fiye da rabin gidajen da ake jinyar tsoho, mai jinyar ma ya haura shekara 65. Sai ka tarar da 'yar shekara 70 tana ɗaga uwarta 'yar shekara 95 daga shimfiɗa, tana yi mata wanka da tsarki, ita kuma bayanta na ciwo. Kimanin mutum 100,000 ke ajiye aikinsu kowace shekara don su yi jinyar wani nasu. Ga kuma gigin tsufa, wanda ke sa uba ya manta sunan ɗansa, ko ya fita da tsakar dare neman gidan da aka rushe tun yana yaro. Tun 2019 'yan sanda na karɓar rahoton ɓatan irin waɗannan fiye da 17,000 kowace shekara.

Dabarar farko da hukuma ta yi ba ta ci ba. A 1973 ta mai da magani kyauta ga 'yan shekara 70 zuwa sama, sai iyalan da jinya ta gajiyar suka riƙa kai tsofaffinsu asibiti suna barinsu watanni, ba don wata cuta da likita zai warkar ba, sai don babu mai kula da su a gida, kuma kai uba asibiti ba abin kunya ba ne kamar kai shi gidan gajiyayyu. Gadaje suka cika, kuɗi suka ƙare, bayan shekara goma aka janye kyautar. Sai a watan Afrilu na 2000 aka fito da tsarin da ake bi har yau, watau inshorar jinyar tsufa, wadda kowane ɗan shekara 40 zuwa sama wajibi ne ya riƙa zuba mata kuɗi, hukuma kuma ta kawo rabin abin da ake kashewa daga haraji.

Ga yadda take aiki. Idan tsohuwa ta fara gazawa, sai ita ko wani nata ya kai takarda ofishin ƙaramar hukuma. Sai a aiko ma'aikaci har gida, ya zauna da ita ya bi jerin tambayoyi ɗaya bayan ɗaya: shin tana iya juyawa a kan shimfiɗa da kanta, tana iya tsayawa da ƙafa ɗaya, tana iya haɗiye abinci ba ta ƙware ba, tana iya zagayawa ba mai riƙe ta, ta san ranar haihuwarta, ta tuna abin da take yi kafin baƙon ya shigo? A haɗa amsoshin da bayanin likitanta, wani kwamiti ya duba, ya sa ta a ɗaya daga cikin darajoji bakwai, daga mai bukatar ɗan tallafi zuwa wadda ba ta iya komai. Kowace daraja da iyakar kuɗin da za a kashe mata a wata. Daga nan wani jami'i ya zauna da iyalin su tsara mako: ran kaza mai taimako zai zo ya yi shara da girki, ran kaza mota za ta zo da safe ta ɗauke ta zuwa wata cibiya inda za a yi mata wanka, ta ci abincin rana, ta motsa jiki, ta yi hira da tsararrakinta, a komo da ita kafin magariba, 'yarta kuma ta sami sararin zuwa aiki ko ta runtsa. Iyalin na biyan ushirin kuɗin, masu hali kuma kashi 20 ko 30. Hikimar tsarin ita ce bai ƙwace tsohuwa daga hannun 'ya'yanta ba, ya dai sa al'umma duka ta kama musu.

Amma kuɗi ba ya ɗaga mara lafiya, sai hannu. Aikin jinya mai nauyi ne, albashinsa kuma bai kai na sauran ayyuka ba, samarin da za su yi shi ga su 'yan kaɗan. Japan ƙasa ce da ta daɗe tana ƙyamar buɗe ƙofa ga baƙi, amma larura ta sa ta fara karɓo masu jinya daga Indunusiya a 2008, daga Filifin a 2009, daga Biyetnam a 2014, sa'an nan a 2019 ta buɗe sabuwar biza ga ma'aikata a fannonin da hannu ya yi ƙaranci. An kuma yi ta ƙera na'urori masu taimakawa wajen ɗaga majinyaci ko lura da motsinsa da dare, suna da amfani gwargwado, sai dai har yanzu ba a ƙera wadda za ta lallashi tsoho mai gigi ya buɗe baki ya karɓi loma ba.

Wanda ke son ganin ƙarshen al'amarin da idonsa, ƙauye zai nufa. Ana rufe makarantu kimanin 450 kowace shekara don babu yaran da za su shiga, kuma binciken gidaje na 2023 ya sami gida miliyan 9 da ba kowa a ciki. A tsibirin Shikoku, cikin wani kwari mai suna Iya, akwai ƙauyen Nagoro, wanda dā yake da ɗaruruwan mutane, yanzu 'yan ashirin da wani abu suka rage. Wata mata 'yar garin, Tsukimi Ayano, da ta komo daga Osaka don ta kula da mahaifinta, ta ɗinka mutum-mutumi don korar tsuntsaye daga gona, daga nan ta shiga ɗinka siffar maƙwabtan da suka mutu ko suka ƙaura, tana cusa musu tsumma da takarda, tana sa musu tufafi, tana zaunar da su a inda aka saba ganinsu, wannan a bakin gona, wancan a wurin jiran mota. Makarantar garin an rufe ta a 2012, yanzu 'yan tsana ne zaune a kan kujerun aji da littattafai a gabansu, kuma sun ninka masu rai sau goma. A birane kuwa kaɗaici ya ɗauki wata siffa, gama dubban tsofaffi ke mutuwa su kaɗai a ɗakunansu kowace shekara, wasu ba a sani ba sai bayan makonni, har akwai kamfanonin da sana'arsu ke nan, share ɗakin wanda ya mutu ba kowa a kansa.

Hukuma ta yi ta ƙoƙarin farfaɗo da haihuwa tun 1994, da gina wuraren renon yara, da ba iyaye kuɗin tallafi, da hutun haihuwa har ga maza, kuma a watan Janairu na 2023 Firayim Minista Kishida Fumio ya gaya wa majalisa cewa ƙasar ta kai gaɓar da ake shakkar ko al'umma za ta iya ci gaba da gudanar da al'amuranta. Amma a 2024 jariran da aka haifa suka kasa kai 700,000. Illar ita ce matan da za su haihu yau su ne jariran da aka haifa shekara 30 da suka wuce, waɗanda dā ma kaɗan ne, kuma babu dokar da za ta koma baya ta ƙara su. Sha'anin yawan jama'a haka yake, abin da aka shuka a wannan ƙarni sai a na gaba ake girbinsa. Maƙwabtan Japan ma sun bi sahu, har Koriya ta Kudu ta zarce ta da lissafin haihuwa 0.72 a 2023. Ƙasar Sin, wadda ta tilasta wa jama'arta haihuwar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa 2015, ta fara raguwa a 2022, kuma halinta ya fi tsanani ta fuska ɗaya: Japan ta yi arziki kafin ta tsufa, ita kuwa Sin tsufa ya cim mata tun arzikin bai game kowa ba.

Mai karatu a Kano ko Damagaram yana iya cewa wannan labarin wata duniya ce, kuma ta wata fuska yana da gaskiya, gama kusan rabin mutanen Nijar ba su kai shekara 15 ba, tsofaffi kuma a Nijar da Nijeriya ba su wuce kashi 3 cikin 100 ba. Damuwarmu ta yau ita ce makaranta da aikin yi ga samari. Sai dai kashi 3 na mutum fiye da miliyan 200 da ke Nijeriya ya haura miliyan 6, kuma wannan taron yara da ke cika azuzuwa da tituna yanzu, waɗanda Allah ya yi wa tsawon rai a cikinsu su ne tsofaffin shekarar 2080, adadin da ƙasashenmu ba su taɓa ganin irinsa ba. Dokar fansho ta Nijeriya ta 2004, wadda aka sabunta a 2014, ta tanadi asusu ga mai albashi, ma'aikaci ya zuba kashi 8, mai aikin ya zuba kashi 10, amma manomi da makiyayi da ɗan kasuwa da mai sana'ar hannu, waɗanda su ne mafi rinjaye, fanshonsu 'ya'yansu ne kawai. Gandu kuwa ya watse a wurare da yawa, samari sun tafi ci-rani wasu ba su komo ba, tsofaffin da ke bara a ƙofar masallatan Juma'a shaida ne cewa ba kowane tsoho ke da mai ɗauke masa ba, kuma sau nawa tsohuwar da gigin tsufa ya sa ta sambatu ake jifanta da maita maimakon a kai ta ga likita? Birrul walidaini wajibi ne da ba ya faɗuwa, amma shari'a ba ta bar wa iyali nauyin su kaɗai ba. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya tarar da wani tsoho Bayahude makaho yana bara don ya biya jizya, sai ya ɗauke masa ita, ya kuma umarci mai tsaron baitulmali ya yanka masa abin da zai rayu da shi, shi da ire-irensa, bisa hujjar cewa ba adalci ba ne a ci moriyar ƙuruciyar mutum a yashe shi da ya tsufa.

Kafin darasi na gaba, kowane ɗalibi ya zaga gidaje goma na unguwarsu, da sallama da ladabi, ya rubuto adadin waɗanda suka haura shekara 65, da wanda ke ciyar da kowannensu, da inda 'ya'yansa suke zaune, da wanda ke kwana kusa da shi idan ba shi da lafiya. Kada a rubuta sunan kowa. A zo da takardun aji, za mu haɗa lissafin a kan allo.